Bin ƙwaƙƙwafi: kalmar da ake rufe bakin mai tambaya da ita

Duk mai sauraren mahawara a gidajen rediyo, ko mai zaman fada da maraice a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ya san wata kalma da ba a kwana biyu ba a ji ta ba. Ita ce "bin ƙwaƙƙwafi". In wani ya tashi a taron unguwa ya tambayi nawa aka kashe wajen gyaran magudanar ruwa, sai a ce ya faye bin ƙwaƙƙwafi. In ɗan sandika ya nemi a nuna mashi takardar da aka dogara da ita aka zabtare albashi, haka za a ce mashi. In ɗan jarida ya lura cewa adadin da wani babba ya faɗa ranar Litinin ya saɓa ma wanda ya faɗa ranar Alhamis, shi ma bai tsira ba. Da zarar an jefa kalmar, sai magana ta mutu: mai tambaya ya koma ya zauna da kunya, wanda aka tambaya kuma ya tashi bai ba da amsa ba. Tun da kalma guda tana iya wannan aiki, ya cancanta a tsaya a dube ta da kyau.

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi wajen zancen ganin laifi. Akwai suka, wadda takan kasance da hujja ko babu. Akwai kushe, irin na mai saye da ke aibata kaya don a rage mashi kuɗi. Akwai mita, wato maimaita magana kan abin da ya riga ya wuce. Akwai tsegumi, zancen mutum a bayan idonshi. Akwai kuma ƙorafi, kukan wanda abu ya taɓa. Bin ƙwaƙƙwafi ya sha bamban da su duka. Shi ne bin abu daki-daki, tambaya bayan tambaya, har a kai ga ɗan ƙaramin abin da kowa ya tsallake. Ba dole ne ya ƙunshi ƙarya ba, ba dole ne kuma ya fito daga ƙiyayya ba. Aibinshi, in yana da aibi, shi ne rashin sanin inda ya kamata a tsaya. Shi ya sa kalmar take da fuska biyu. In rediyo ya ce an gudanar da "binciken ƙwaƙwaf" kan wata badaƙala, mai sauraro yakan ji yabo ne ake yi ma masu binciken. Amma in aka ce wane mai bin ƙwaƙƙwafi ne, zargi ne. Aikin ɗaya ne, bambancin yana ga wanda aikin ya taka.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin haka. Wanda ya yi lodin buhunan wake daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa Jibiya ta hanyar Ɗan Isa yakan ƙidaya su wajen lodi, ya sake ƙidayawa wajen sauke, ya duba takardar duwan layi-layi. Mai sayen hatsi yakan sa ido a kan tiya, ya ga ko gindinta a lotse yake, ko an cika ta yadda aka saba. Mace ba ta biyan kuɗin tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta ta ji ko ta tsage. Babu wanda ya taɓa zargin waɗannan da bin ƙwaƙƙwafi. Cewa ake sun san ciwon dukiyarsu, kuma irinsu ake neman a ba amana. To, me ya sa halin da ake yabo a rumfar kasuwa ya zama abin zargi a ƙofar biro? Kuɗin da ke cikin baitulmali daga lanho da duwan da TVA suka fito, wato daga aljihun ɗan kasuwan nan da ma'aikacin nan. Mutum ya ƙidaya nashi a gida a ce ya iya, ya nemi a ƙidaya na jama'a a ce ya faye tsanani. A nan ne kalmar take fara cutarwa.

Abin lura shi ne, mai jefa wannan kalma ba ya cewa tambayar ƙarya ce. Da ya faɗi haka, da sai a ce ya kawo gaskiyar. Abin da yake cewa shi ne tambayar ta yi ƙanƙanta, ba ta kai a ɓata lokaci a kanta ba. A biro akan faɗi haka da faransanci, a ce wannan ai détail ne. Daga nan sai hankalin masu sauraro ya tashi daga kan tambaya ya koma kan mai tambaya: me yake nema, wa ya aiko shi, ɗan wace jam'iyya ne, ko hassada ce ke cin shi. Kafin a gama wannan bincike a kanshi, an manta da kuɗin magudanar ruwa.

Ƙananan tambayoyin da suka zama manya

Tarihin ƙasar nan na shekaru talatin da ƴan kai ya nuna cewa ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Tsofaffin ƴan kasuwa ba su manta da bankin BDRN ba, wanda ya durƙushe a 1990 saboda basussukan da aka ɗauka ba a biya ba. Kowane bashi daga cikinsu yana da takarda, da sa hannu, da ranar biya. Tambayar wa ya ci, me ya jinginar, yaushe zai biya, ƙaramar tambaya ce ta ma'aikacin banki, amma rashin yin ta a kan kari ya ci bankin ƙasa sukutum. Sai a Taron Ƙasa, wanda ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ƙarƙashin jagorancin Andre Salifu, aka kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi, jama'a kuma suka manne da rediyo suna jin ana yin tambayoyin da shekara da shekaru babu mai iya yin su. A lokacin, abin da ya lalace ya riga ya lalace.

Haka zancen ma'aikatar ilimin firamare, wanda aka fi sani da MEBA, a 2006. Abin da binciken ya bi ba wani abu ba ne illa farashin kayan lakwal da yadda aka ba da kwangilolinsu daga kuɗin da ƙasashe masu ba da tallafi suka zuba. Wanda ya tsaya yana tambayar kuɗin littafin rubutu guda ɗaya, a idon mutane da yawa ba shi da aikin yi. Amma lissafin mai sauƙi ne. A misali, in aka ɗora dala ɗaya tak a kan kowane littafi, aka sayi littafi miliyan 2, an kwashe sefa miliyan 10 ke nan ba tare da kowa ya ji ƙarar faɗuwarsu ba. Ƙarshen wannan zance, ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar sun shiga kurkuku, kuma ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar rashin amincewa, depite 62 daga cikin 113.

A 2020 kuma sai ga binciken ma'aikatar tsaro. Ya fito ne a lokacin da ƙasa ke cikin makokin sojoji 71 da aka kashe a Inates ranar 10 ga Disamba 2019, da wasu 89 a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020. Masu binciken sun kwatanta farashin da aka biya da farashin gaskiya, sun kuma duba kayan da aka biya ba a kawo ba, suka ambaci asarar sefa miliyar 76, wato jika miliyan 76. Daga baya ɓangaren shari'a ya faɗi adadin da bai kai haka ba, aka yi ta jayayya a kai. Amma ko jayayyar ma ba za ta yiwu ba in da wani bai zauna ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya ba. A fannin tsaro ne aka fi saurin cewa yanzu ba lokacin ƙananan tambayoyi ba ne, alhali a nan ne ƙaramin kuskure yake zama ran ɗan wani.

Ba kuɗi kaɗai ba. A 2009, masu goyon bayan tazarce sun kafa hujja da manyan ayyuka: madatsar ruwa ta Kandaji, matatar mai ta Damagaram, ma'adinin Imuraren, gada ta biyu a Yamai. Suka ce jama'a ce ke son shugaba Tanja Mamadu ya ƙarasa abin da ya soma. A gaban irin waɗannan ayyuka, masu riƙe da kundin tsarin mulkin 1999 suna karanta aya ta 36 da ta 136, masu cewa wa'adi biyu ne kuma ba a taɓa wannan doka, sun yi kama da masu jayayya kan layi biyu na takarda. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazey, ta tsaya kan layukan nan biyu, ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama ranar 12 ga Yuni. Aka rushe kotun ranar 29 ga Yuni, aka yi ƙuri'ar ranar 4 ga Agusta. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka karɓi mulki. Ashe layukan biyu su ne ginshiƙin ɗakin.

In masu mulki suka yi nasu

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, su ma masu riƙe da madafun iko gwanaye ne wajen bin ƙwaƙƙwafi in ya yi masu amfani. Shekarar 2005 shaida ce. Bayan fari da farin ɗango na 2004, wajen mutum miliyan 3 sun shiga matsalar abinci, kuma yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Cibiyoyin likitocin MSF sun cika da yara masu tamowa, har sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya zo Damagaram a watan Agusta. Ana cikin haka gardama ta kaure kan suna: yunwa ce ko ƙarancin abinci? Shugaban ƙasa da kanshi ya gaya ma BBC cewa babu yunwa a Nijar. A wajen masana, gaskiya ne kalmomin biyu suna da ma'auni daban-daban. Amma uwar da ta yi tafiyar yini da yaro a goye ba ta zo neman suna ba. An daɗe ana sayar da hatsi a farashi mai rahusa ga mutanen da ko rahusar ba su iya biya, kafin a koma ga rabon kyauta. Wannan shi ne bin ƙwaƙƙwafi na ainihi: riƙe ƙaramar gaskiya don a kauce ma babba.

Shekarar 1995 ma ta bar darasi. Bayan zaɓen ƴan majalisa na watan Janairu, shugaba Mahaman Usman ya sami kanshi da firaminista daga ɓangaren adawa, wato Hama Amadu. Watanni suka shuɗe ana ja-in-ja kan wa ke tsara batutuwan taron ministoci, wa ke kiran taron, wa ke naɗa shugabannin ma'aikatu. Kowane ɓangare yana da ayar da yake karantawa a kundin 1992, kuma kowanne yana da ɗan abin kamawa. Amma a daidai lokacin ma'aikata na bin bashin albashi, ƴan kasuwa kuma ba su gama farfaɗowa daga karya darajar sefa ta Janairu 1994 ba. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Bare Mainasara ya kawo ƙarshen gardamar da bindiga. Mai karatu zai iya cewa, ai a 2009 ma aya aka riƙe. Haka ne, sai dai da bambanci. A 2009 ayar tana tsare haƙƙin jama'a ne na sauya shugaba. A 1995 kowa ya riƙe tashi ne don ya hana abokin hamayya motsi, ƙasa kuwa ta tsaya cik.

Laifin masu suka

Duk da haka, ba za a wanke masu suka ba, don su ne suka ba kalmar kaifi. Akwai masu sharhi da ba su ganin komai a jawabin minista sai inda harshenshi ya sarƙe a faransanci. Depite ya tashi ya kawo kukan manoman yankinshi, washegari abin da ake dariya a kai a fada shi ne ya mayar da kalmar namiji ta mace. Wannan ɗabi'a ta ƴan lakwal ta daɗe tana hana mutane masu hankali da sanin ƙasa buɗe baki a bainar jama'a. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mayar da faransanci harshen aiki, amma doka ba ta kankare hali a dare ɗaya. Akwai kuma masu ƙidayar rigunan gwamna, da masu lura da wa ya gaida wa a wurin jana'iza, da wa aka zaunar a layin gaba. Irinsu ne Bahaushe ya ce ko ruwa ka shiga sai su ce ka ta da ƙura.

Ɓarnar wannan hali iri biyu ce. Ta farko, yana cinye lokacin da ya kamata a ba babbar magana: an ƙare shirin rediyo kan hular minista, ba a taɓo kasafin ma'aikatarshi ba. Ta biyu ta fi muni. Mutumin da ke kuka kan komai, ranar da ya zo da zancen gaskiya babu mai juyowa. Shi ne yake miƙa ma mai laifi garkuwa, don gobe in an kama shi da takarda a hannu, abin da zai ce kawai shi ne: ai kun san su, aikinsu ke nan. Sai a haɗa mai tambayar miliyar da mai tambayar hula a zuba su kwando ɗaya.

Sannan akwai sauyin baki. Tun daga 1993 kusan kowace babbar jam'iyya ta ɗanɗana mulki ta kuma ɗanɗana adawa. Jama'a sun sha ganin wanda jiya yake neman a karanta mashi kowane layi na kasafin kuɗi, yau da ya hau kujera yana cewa a bar ƙananan maganganu a fuskanci gina ƙasa. Wanda jiya yake cewa a yi haƙuri, yau shi ke ɗauke da fitila yana leƙa kowane lungu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nashi ya hango na wani. Wannan ne ya sa talaka ya fara ɗaukar kowace tambaya a matsayin siyasa, kuma babu asarar da ta kai wannan.

Yadda za a rarrabe

To, ta yaya mai sauraro zai gane mai tambayar gaskiya daga mai neman aibi? Ƙanƙantar abin da aka tambaya ba ta isa ma'auni ba, tun da an ga dala ɗaya tana zama miliyan 10. Abin dubawa na farko shi ne, in an gyara abin da aka nuna, wa zai amfana? In an gyara farashin littafi, ɗan lakwal ya samu. In an gyara faransancin depite, babu tukunyar da za ta ƙaru da ko tsaba ɗaya. Na biyu, shin tambayar tana da amsa a takarda? "Nawa aka biya, wa aka biya, yaushe aka kawo kayan" tambaya ce da ake rufewa cikin minti biyar in ana so. "Me ya sa yake tafiya da girman kai" kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Na uku, shin mai tambayar yakan yi ta ko da nashi ne a kan kujera? Na huɗu, in an ba shi amsa gamsasshiya, yakan karɓa ya yi shiru, ko sai ya tsallaka ya kama wani reshe? Mai neman gaskiya yana da inda yake tsayawa. Mai neman aibi ba shi da masauki.

Wannan ma'auni yana hawa kan wanda aka tambaya shi ma. Ma'aikacin da aka nemi ya nuna takarda, in tambayar ƙarama ce da gaske, to amsarta ma ƙarama ce: ya buɗe durowa ya fito da ita, mai tambaya ya ji kunya in don fitina ya zo. Wanda ya zaɓi ya yi rabin awa yana bayanin halin mai tambaya maimakon minti biyar na nuna takarda, shi da kanshi ya sa a yi zaton wani abu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da yawa daga cikin ma'aikatan gwamnati mutanen kirki ne masu aiki da gaskiya cikin ƙarancin kayan aiki, kuma su ne suka fi kowa cin ribar a saba da tambaya, don ita ce kaɗai ke raba su da waɗanda suka ɓata ma aikin suna.

Kalmar bin ƙwaƙƙwafi ba za ta fita daga bakin mutane ba, bai ma kamata ta fita ba, don akwai masu halin da ta dace da su. Abin da ake bukata shi ne a daina karɓar ta a madadin amsa. Duk lokacin da aka ji an jefi wani da ita a rediyo, ko a taron ƙungiyar ƴan kasuwa, ko a zauren majalisar gari, ya kamata a sami wanda zai ce: to, an ji, ya faye tambaya, amma nawa ne kuɗin? Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma dukiyar jama'a ba ta fi ƙarfin a ƙwanƙwasa ta a ji ko ta tsage ba.